Yadda Farfesa Ya Yi wa Dankali Magani

"Ni fa ƙasa gaishe ni take yi kafin in taka ta," in ji Farfesa. Kada sunan ya ruɗe ka, abokina, shi ya raɗa wa kansa. Iliminsa bai cika cokali ba, amma bakinsa ya fi gonarsa faɗi.

Da ganyen dankalinsa ya fara nannaɗewa yana yin rawaya, malamar gona ta zo dubawa.

"Ƙwayar cuta ce," ta ce. "Tana cikin irin, kuma akwai wasu tsutsotsi a ƙasa, ido ba ya ganinsu, su ne ke kai ta daga saiwa zuwa saiwa. Ka canza iri, ka hutar da wurin."

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake noma."

Gogan naka ya jiƙa maganin mura a bokiti, ya bi kunya-kunya yana shayarwa safe da yamma. Dankali ya ƙara langaɓewa.

"Tsutsa ta ce, ko?" Ya yi kwana uku yana tonon tana, tsutsar nan ta ƙasa, yana watsa wa kaji.

"Maigida, ta ce fa ido ba ya ganinsu," in ji matarsa.

"Idonta dai."

Kaji suka yi ɓul-ɓul, ƙasa kuwa ta daskare kamar siminti.

Ana haka surukinsa ya yi tafiya, ya bar masa amanar gonarsa, kore shar. Sarkin dabara ya ce ai ƙasa ma tana son canjin iska. Baro arba'in ya kwasa daga tasa ya juye a ta suruki, ya ɗebo mai kyau ya kawo, ya sake shuka tsohon irin nan nasa.

Suruki tsoho ya dawo ya tarar gonaki biyu sun zama asibiti. Ya kira malamar, maƙwabta suka taru.

"'Yata, me ya kawo annobar nan gonata?"

Ta bi sawun taya da ido har bakin gonar Farfesa.

"Baba, abin da mamaki. Tsutsar nan a shekara ko taku ɗaya ba ta yi."

Farfesa ya gyara hula, ya yi gyaran murya. "Dama na faɗa, wannan wata babba ce, ba irin ta littafinku ba."

"Ƙwarai kuwa, babba ce," in ji malamar. "Ban taɓa ganin tsutsa mai tura baro ba sai ita."