Akwatin Da Na Sa Aka Ɗinke Da Fata

Ba zan taɓa mantawa da ranar yaye mu ba, kuma har gobe ban yafe wa ƙaramin allon lantarkin nan na cibiyarmu ba. Abin da bai kai tafin hannuna ba, ya tsaya gaban mutanen Daura ya nuna bai san aikina ba.

Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da na iya karatu na wuce cibiyar koyar da mata sana'a, aka ce in zaɓi ɗinki ko haɗa sabulu. Na ce lantarki nake so. Malam Nasiru, mai koyar da ajin, ya ce wayoyin ƙanana ne, sai mai ido. Na ce masa idon da ya yi shekara talatin yana tsince tsakuwa a gero ba zai kasa ganin waya ba. Ya karɓe ni bisa sharaɗi: in abin da na haɗa ya yi aiki ranar yaye, in wuce aji na biyu, in ya ƙi, in koma sabulu ba gardama.

Akwatin kacici-kacici na haɗa, saboda Islamiyyarmu ta matan aure, inda kullum ake rigimar wa ta riga ɗaga hannu. Maɓalli huɗu ne, a ciki da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da na rubuta wa umarni da kaina. A jona wayar USB a kwamfuta, wadda ta riga dannawa lambarta ta fito. A kwamfutar ajinmu bai taɓa ƙi ba. Sau biyu Malam yana cewa in gwada shi a ƙaramin allon, wato 'yar kwamfutar da za a haɗa da talabijin ranar taro. Na ce USB ai USB ce, ramin duk iri ɗaya. (Allah Ya shirye ni.)

Abin da ya dame ni daban ne. Akwatin robar man shafawa ce, duk ta sha gam. Mu kuwa a gidanmu ko ƙwaryar fura ba a kai wa baƙo babu faifai a kai. Sai na kai wa wani badukku, ya lulluɓe shi da jar fata har da tuntaye, ya ɗinke ruf kamar laya. Maɓallai da waya kaɗai ya bari a waje.

Ranar taro ta zo. An kafa rumfa, wakilin hakimi na gaba, mata sun zo har daga Sandamu da Mai'adua. Aka miƙo mini makirfo, na yi jawabin da ba wanda ya roƙe ni, har da cewa a daina raina tsofaffi. Mata huɗu suka zauna gaban akwatin, cikinsu da Talatu, ƙawata ta ajin sabulu, wadda tun farko ta ce a ajinsu zan ƙare. Aka yi tambaya, suka danna.

Talabijin bai ko ƙifta ba.

Na cire wayar, na hura mata iska, na mayar. Shiru. Na juya ta. Shiru. Ina jin tarin wani dattijo can ƙarshen rumfa. Malam Nasiru ya matso, ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Ashe ni, don in burge, na sa akwatina yana gabatar da kansa a matsayin abu uku: madannin rubutu, linzamin kwamfuta, da hanyar aika saƙo. Kwamfuta babba tana gane duka ukun. Ƙaramin allon kuwa madannin rubutu zalla ya sani, in ka zo masa da tarkace ko sallamarka ba zai amsa ba. Ya ce gyaran ba zai ɗau lokaci ba: a danna wani ɗan maɓalli da ke cikin akwatin, a sake zuba umarni mara ƙari.

"Buɗe akwatin, Inna," in ji shi.

Muka dubi fatar tare.

Na sa farce, ɗinkin ko gezau. Ba wuƙa, ba reza. Tsoron tukunyar sabulu ya rufe mini ido, na kai akwatin baki na kama ɗinkin da haƙori, tuntaye na lilo a haɓata, ina gunaguni ina cewa wannan badukku sai ka ce gawa aka ba shi ya ɗinke. Na manta makirfo yana hannuna. Lasifika ta kai maganar har bakin titi.

Wakilin hakimi ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Talatu kuwa ba ta ko rage murya ba.

"Yaya, in kin gama cin fatar ki taho, na ajiye miki muciya."

A gida na kasa cin tuwo. Na so in ɗora wa allon laifi, na so in ɗora wa badukku, amma ni na ce a ɗinke, ni kuma na ƙi gwadawa. Abin da na koya ke nan da tsufana: kada ki yi wa abu kwalliya sai ya gaisa da wanda za a kai shi wurinsa.

Washegari bayan sallar asuba na sa reza na farke ɗinkin zare-zare. Na ɗauki akwatin tsirara, da gam ɗinsa da komai, na isa cibiya kafin a buɗe ƙofa. Da Malam ya zo na dire shi a teburinsa kusa da ƙaramin allon, na ce na san sharaɗinmu, amma ba inda za ni sai waɗannan biyun sun gane juna.

Ya dubi akwatin, ya dube ni. Sannan ya jawo mini kujera.