Maɗaurin da Aka Ce Ya Saki

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, iyalan marigayi tsohon direban motar ma'aikata, wanda kowa a gidan ke kira Baba, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar maɗaurin agogonsa. Ya rasu ranar Litinin da hantsi a hannun hagu na 'yar Baba, Auta, tana tsaka da yanka yadi a ɗakin ɗinkinta. Ya tsinke ne daga wajen da yake riƙe da agogo, babu shure-shure, babu gargaɗi. Agogon ya faɗo kan yadin, ya ci gaba da tafiyarsa kamar ba abin da ya faru, kuma Auta ta ce har yanzu ba ta gama yafe masa wannan ba.

Marigayin ya bar duniya yana da shekara goma sha huɗu, goma sha biyu a hannun Baba, biyu a hannun Auta. Fatar saniya ce mai kauri, launin ƙasa, wadda gumi ya mayar kusan baƙa. Ya zo duniya da huji biyar, Baba kuwa a na uku ya zauna, kuma ya daɗe a nan har wajen ya yi kanta. Waɗanda suka zauna da marigayin sun shaide shi da haƙuri. Ya sha ranar tagar mota, don Baba ba ya tuƙi sai gwiwar hannunsa na waje. Ya sha kwancewa da ɗaurewa sau biyar kullum saboda alwala, bai taɓa ƙorafi ba. Magana biyu kawai aka san shi da ita: ƙiiƙ idan an ja shi, da ƙyas idan harshen ƙarfe ya faɗa huji. Duk gidan, har kyanwa, sun san in an ji ƙyas to Baba ya gama, wanda bai shirya ba kuma an tafi an bar shi.

Iyalan na so su yi amfani da wannan sanarwa su wanke marigayin daga wani zargi da aka ɗora masa yana raye, kuma a cikin gida aka ɗora masa. An ce ya saki. Bai saki ba.

Ga yadda abin ya faru. Shekara uku da suka wuce Baba ya fara ramewa, ya koma huji na huɗu, ya koma na biyar. Likita ya kira Auta da wanta, wanda take ce wa Yaya, ya tsayar da su a baranda, ya gaya musu abin da ya gani da watannin da yake hasashe. Kafin su kai bakin ƙofar asibiti Yaya ya yanke hukunci: ba za a gaya wa Baba ba. Yaya dama gwanin yanke hukunci ne, musamman irin wanda wani ne zai ɗauki nauyinsa. Shi a wani gari yake aiki. Auta ce a gida.

Wata safiya Baba ya ɗaga hannu, agogon ya sulale har kusan gwiwa.

"Auta, zo ki duba mini abin nan. Sai yawo yake yi a hannuna kamar awarwaro."

"Fatar ce ta saki, Baba. Ka san halin fata in ta tsufa."

Ya dube ta, ya dubi maɗaurin. "Ashe? To, gyara mini."

Ta ɗora ƙusa a wuta har ta yi ja, ta kama ta da filaya, ta huda masa na shida. Ƙaurin ƙonanniyar fata ya cika kicin. Hujin ya fito zagayayye, bakinsa baƙi, aikin tela mai tsabta. Bayan wata biyu ta huda na bakwai, sannan na takwas, sannan na tara, kowanne yana matsowa kusa da agogon, kowanne da jimlarsa guda: fatar ce, Baba. Har Baba ya riƙa yi wa masu zuwa dubiya tsiya cewa fatun yanzu ba su da amana. Marigayin yana ji, bai kare kansa ba. Auta kuwa ta san gaskiya fiye da kowa, don ta ɗora masa tef ɗin awo ranar huji na shida, ta kuma sake ɗorawa ranar Litinin ɗin da maɗaurin ya rasu. Ko kaurin zare bai ƙaru ba.

A kwanaki goman ƙarshe na Baba wani abin farin ciki ya faru: agogon ya daina zamewa. Ya zauna daram a wuyan hannunsa. Auta ta kira Yaya a waya tana dariya tana hawaye, ta ce ramar ta tsaya. A kwanakin ne ma Baba ya ce yatsunsa sun yi tauri, ya zaunar da ita a bakin gado ya koya mata murɗa kan agogon don kada ya tsaya: kullum da safe, sau ashirin, in ya cije kada ta tilasta masa. Ta koya tana sauri, don ta bar ruwa a wuta. Rana ta goma sha ɗaya, bayan azahar, Baba ya cika.

Bai bar wasiyya ba. Bai kira kowa ya yi bankwana ba. Yaya ya ce wannan rahama ce, mutum ya tafi bai sha fargaba ba. Auta ba ta taɓa yarda ba. Abin da ya tsaya mata a ƙirji shekara biyu shi ne, mutumin da bai taɓa makara ba a rayuwarsa ta bar shi ya yi tafiya mafi girma babu shiri, kuma da bakinta ta yi masa haka, sau huɗu. Ta gaji agogon. Wuyan hannunta, don ƙarin azaba, a huji na shida ya zauna, wato a kan ƙaryarta ta farko. Kullum takan ɗaura shi ne fuskarta na kallon bango. Wani lokaci da azahar, tana kan keken ɗinki, agogon na hannunta, sai ta ji ƙyas daga ɗakin Baba da ke rufe. Takan tsayar da keken ta saurara. Ba ta taɓa tashi ta duba ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Marigayin ya rasu ya bar agogo ɗaya, abokin zamansa, wanda ya girme shi nesa kuma dama ya taɓa binne wani maɗaurin kafin shi. Ya bar ƙarfen ɗauri mai harshe ɗaya, da ya ɗan karkace amma yana cikin hayyacinsa. Ya bar tagwayen sanduna masu sifirin a ciki, waɗanda suka haɗa shi da agogon tsawon rayuwarsa. Ya kuma bar farin zane a wuyan hannun Auta, inda rana ba ta taɓa ba shekara biyu.

Ranar Litinin ɗin da yamma Auta ta kai shi wajen mai gyaran agogo na bakin kasuwa. Mutumin ya saka gilashinsa a ido ɗaya, ya juya gawar sau biyu, ya ce babu sauran magani. Ya ciro sabo, baƙi, gajere daidai hannunta.

"Minti biyu ne, 'yata. In cire wannan in jefa can."

Can ɗin wani gwangwani ne a ƙarƙashin teburinsa, cike da matattun maɗaurai, na wane da na wane duk a cakuɗe. Auta ta leƙa sau ɗaya ta karɓe abinta. Ta ce sabon kawai za ta ɗauka, a gida za a yi.

An yi aikin ranar Talata da safe a ɗakin ɗinki. Yaya ya zo, ya tsaya a kanta yana ba da umarni, hannuwansa a baya. Goggo, ƙanwar Baba, wadda ta taya jinya a makonnin ƙarshe, ta zauna a kujerar masu jiran awo. Auta ta shimfiɗa ƙyalle mai laushi, ta kifa agogon a kai. Ta ɗauki abin farke ɗinki, ta zura bakinsa tsakanin fata da kunnen agogo, ta danna kan sandar a hankali. Ta farko ta fita lami lafiya. Ta biyun ta yi tsalle ta ɓace, sai da Yaya ya durƙusa da farar rigarsa yana jan maganaɗisun allurai a ƙarƙashin keke kafin aka same ta. Da ya miƙe ya dage cewa ɓangaren mai ƙarfe a wajen ƙarfe shida ake saka shi. A wajen sha biyu ake saka shi. Auta ta saka daidai, sandunan suka koma gurbinsu, sabon ya kama aiki.

Sai aka juyo kan gawar. Auta ta so ta miƙar da dogon ɓangaren don ta goge shi, ya ƙi. Ta danne shi da dutsen guga mai sanyi, tana ɗagawa ya sake naɗewa, kuma ba daidai hannunta ba, ƙasa da haka sosai. Tsigar jikinta ta tashi. Ta ɗauke shi ta ɗaga wajen taga, karo na farko da ta kalle shi ido da ido tun ranar da ta gaje shi. Haske ya ratso ta hujin. Biyar na haihuwa, ga su. Nata huɗu masu baƙin baki, ga su. Can gaba da na tara, dab da inda agogo ke zama, sai ga wani siririn haske, ɗan tsagi karkatacce, babu ƙuna a bakinsa, fatar ta kusa rufe shi.

Ta ƙirga sau uku. Goma.

"Yaya, kai ka huda wannan?"

"Ni? Ina na iya. Ranar da ya cika, da na kwance masa agogon, a wannan hujin na same shi. Na ɗauka naki ne."

"Nawa huɗu ne."

Tafiyar agogon a kan tebur ta yi ƙarfi fiye da kullum. Goggo ta gyara mayafinta, ta dubi ƙasa.

"Ni na miƙa masa almakashin," in ji ta. "Kin tafi sayo magani. Ya ce zai rage gashin baki. Sai na ga ya kwance agogo ya ɗora a gwiwa, yana ta fama har ya yanki yatsa. Na ce masa, bari Auta ta dawo mana. Ya ce a'a. Ya ce, yarinyar nan duk ranar da ta ce mini fatar ce, sai ta shiga kicin ta yi kuka, tana tsammani ƙarar famfo ta rufe. Wannan karon bari in hutar da ita."

"Ya sani, Goggo?"

"Mutumin da ya yi shekara talatin yana jin ciwon mota tun kafin ta tsaya? Tun kafin likitanku ya sani. Ya ce in na gaya miki bai yafe ba. To ga shi maɗaurin ya riga ni, ni ba ruwana."

Auta ta zauna a ƙasa, a cikin guntayen yadi. Ta tuna wayar da ta yi tana murna ramar ta tsaya, a bakin ƙofarsa, yana ji. Ta tuna bakin gado, da sau ashirin, da in ya cije kada ki tilasta masa, da yadda ya riƙe yatsunta a kan agogon ya daɗe bai saki ba, ita kuwa hankalinta na kan ruwan da ke wuta. Ashe an yi bankwanar. Ita ce ba ta san ana yi ba. Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwarsa, kuma a wannan karon babu famfon da ta buɗe. Yaya ya fita tsakar gida, ya daɗe yana kallon bango.

Saboda haka iyalan ke shaida wa duk wanda ya taɓa jin an ce marigayin ya saki cewa ƙazafi ne. Ya riƙe agogo, ya riƙe ƙaryar 'ya, ya riƙe ta uba, bai zubar da ko ɗaya ba sai da ya mutu. Suna roƙon ya yafe musu.

Za a yi jana'izarsa gobe Laraba bayan azahar a ɗakin ɗinkin Auta. Za a naɗe shi a guntun tsohuwar rigar aikin Baba, mai ruwan toka, a sa shi a aljihun keken ɗinki na hagu, wanda aka kwashe zare daga ciki domin shi. Goggo ce za ta naɗe, Yaya zai rufe aljihun, tunda ya nemi a ba shi wani abu ya yi da hannunsa. Ana karɓar gaisuwa daga nan har la'asar. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce ai fata ce kawai, an daina faɗin wannan magana a gidan nan. Wanda kuma ya ji ƙyas daga ɗakin da ke rufe, kada ya firgita, ya gyara zama kawai, Auta ta ce yanzu ita za ta tashi ta duba.

Ba za a rufe marigayin a kwance ba. Za a haɗa ɓangarorinsa biyu, a ɗaure shi a huji na goma, inda mai shi ya bar shi. Auta ta gwada yau da yamma. Yatsunta uku ne suka shiga, da ƙyar.