An Yaga Littafi, An Raba Mu da Tela

Jiya na dawo daga layin mai da galan wayam, sai na tarar autana ya haɗe rai. Wai ya daina magana da ɗan tela maƙwabcinmu, abokinsa tun suna rarrafe. Na ce me ya yi maka? Ya ce, "Baba, mutuminsa ne ya cinye gonar mutumina."

Mu da ko akuya ba mu da ita, balle gona!

Ashe manyanmu ne, Allah ya ƙara musu kujeru masu juyawa, suka gano cewa karanta labari yana koya wa yara tausayi da iya zama da mutane. Aka yi taro, aka ɗauki hoto, aka tafa. Da kaya suka iso, kowane aji littafi ɗaya. Shi ne Mai Girma Sarkin Rabo ya yanke hukuncin adalci: a yaga, kowane yaro ya samu nasa.

Labarin wa da ƙani ne da suka yi rigima kan gona. Nawa ya samu shafukan ƙanin, ɗan tela ya samu na wan. 'Yar mai wanki kuwa wurin makoki ta samu, tun ranar take kuka, ba ta san wa ya mutu ba.

Na tambayi malamarsu ina shafukan sulhu. Ta ce, "Suna ofis tare da bangon, an sa su a gilashi saboda baƙi."

Na wuce shagon tela don mu sasanta yaran. Na ce, "Gaskiya wan nan azzalumi ne." Ya tsayar da keke, ya ce, "Malam, ka san wahalar da ya sha kuwa? Ƙanin ne malalaci!" Na ce ya janye maganarsa. Ya ce in nemi mai ƙarasa mini wandon da na ba shi ɗinki.

Da yamma sai ga yaran a kan dakali sun yi musayar shafuka. Autana yana share hawaye, ya ce, "Baba, ashe wan ma yana da gaskiya." Suka tashi suka tafi ƙwallo abinsu.

Ni da tela kuwa yau da safe ko gaisawa ba mu yi ba, kuma wallahi abin yana cin raina, don tun muna samari muke tare. Ranka ya daɗe Sarkin Rabo, in baƙi sun gama kallo, a taimaka a aiko mana da shafin ƙarshe. Wandona yana can da ƙafa ɗaya.