Ranar da Aka Kira Sunan Kyaftin a Lasifika

Duk wanda zai hau jirgin sama a layinmu bai biya ta shagon Kyaftin ba, to ya yi wa kansa ganganci. Kyaftin labule yake sayarwa. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, motar ma sai ta kama dole. Amma ya taɓa fita waje saro kaya, kuma tun daga lokacin sararin samaniya ya zama tsakar gidansu. Ya san filin jirgin da kujerunsa ke da laushi, ya san wanda ma'aikatansa ba su iya gaisuwa ba. Filin da bai taɓa takawa ba ma ya fi saninsa.

Inda iliminsa ya fi tumbatsa shi ne sauyin jirgi, wato a sauke ka a wata ƙasa ka jira wani jirgin ya ƙarasa da kai. Mutum zai shigo sayen labulen taga ɗaya, ya fita da laccar da ba ya cikin cinikin.

"Jira na 'yan koyo ne," in ji Kyaftin, yana kaɗa almakashi. "Ka ga mutum ya baje a kujera yini guda yana gyangyaɗi, baki buɗe? Baƙauye ne da fasfo. Ni ina sauka daga wannan, wancan na ɗumama inji. Ƙafata ɗaya a nan, ɗaya a can!"

Maƙwabtan shago sukan gyaɗa kai, don ya fi musu sauƙi a kan musu.

Ana nan sai 'yarsa Auta ta gama karatun likita a ƙasar waje. Abu ɗaya ta roƙa: ranar da za a ba ta shaida, tana so ta ɗaga kai ta ga babanta a cikin zauren. Ita da kanta ta nemo wa iyayenta hanya mai sauƙi, kamfani ɗaya, tikiti ɗaya, da hutun rabin yini a tsakiya. Uwargida ta ce madalla. Kyaftin ya dubi abin ya yi dariyar manya.

"Rabin yini! Yarinyar nan allura aka koya mata, ba tafiya ba."

Ya zauna ya haɗa tasa hanyar. Zai tashi kwana ɗaya bayan uwargida, da jiragen kamfani biyu da ba su san da zaman juna ba, tsakaninsu ko awa ɗaya babu.

"Baban Auta, mu tafi tare mana," in ji uwargida. "Yarinyar nan kai take son gani."

"Ki yi gaba ki ɗanɗana kujerun jira. Kafin ki gama miƙe ƙafa na iso."

A yi adalci, babu abin da Allah bai yi wa bawan nan ba a ranar. Jirgin farko ya sauka a kan lokaci. Akwatinsa na cikin na farkon fitowa. Layin duba fasfo gajere. Abin da ya rage kawai ya ɗan ɗaga ƙafa zuwa ƙofar jirgi na biyu, kamar yadda sauran fasinjoji ke yi, wasu har da gudu. Amma babban mutum ba ya gudu a gaban baƙi. Kyaftin ya gyara hula, ya kama tafiyar ƙasaita, har ya tsaya nuna wa wani dattijo hanyar da ba ita ya tambaya ba.

Sai lasifika ta yi magana. Sunansa ne, cikakke, har da na mahaifinsa, a bakin wata mace mai zaƙin murya, a ƙasar da ba ta taɓa sayen labulensa ba. Kyaftin ya tsaya cak. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ko akwai wanda ya gane mai sunan ne tsaye a nan. Daɗi ya rufe shi. Irin wannan abu idan ka ba da labari a layinmu ba shaida, ƙaryata ka za a yi.

Ya ciro waya ya jira a sake. Aka sake, amma wani jariri ya tsala kuka ya ɓata ɗaukar. Kyaftin ya harare shi, ya matsa daidai ƙarƙashin lasifikar, ya ɗaga waya sama. Na uku ya fito tas. Matar ta ƙara da cewa wannan ne kira na ƙarshe, shi kuwa ya ji daɗin yadda abin ya ƙara nauyi. Ya tura wa maƙwabtan shago, ya rubuta a ƙasa: "Sun san da zuwanmu."

Ya isa ƙofa ya tarar da ita a rufe, jirgin yana ja da baya ta bayan gilashi.

"'Yata, ni ne wanda kuke ta kira," ya ce da ma'aikaciyar. "Ga ni na amsa. A ce da direban ya dawo."

Ta yi masa bayani cikin ladabi. Tunda tikitin nasa daban-daban ne, ba wanda ya ɗauki nauyinsa. Jirgi na gaba mai gurbi sai jibi. Taron Auta kuwa gobe ne da hantsi.

A nan kam ya ba ni tausayi, don yana son yarinyar nan har ransa. Washegari ya samu kujera kusa da wurin cajin waya, uwargida ta kira shi ta bidiyo daga zauren. Da aka ambaci Auta, ta hau dandamali tana leƙen jama'a, sai uwar ta ɗaga wayar sama. Yarinyar ta hango, ta yi murmushi, ta ɗaga hannu. Kyaftin ya share ido da bakin hularsa, a ransa babu lacca ko ɗaya.

Hoton ranar yana nan a falonsu cikin firam. Auta ce da rigar kammala karatu, uwargida a gefenta tana riƙe da waya. Baƙo kan tambayi ina maigidan yake, sai uwargida ta ce ya matso kusa, ya ƙura ido sosai. Yana ciki, a fuskar wayar. Bai kai farcen babban yatsa ba.