Rasuwar Rita, Mai Riƙon Makullin Ƙuri'unmu

Da zuciya mai nauyi, ni Odile Thériault, sakatariyar ƙungiyar ma'aikatan masana'antar ƙaguwa ta garinmu, nake sanar da rasuwar kwamfutata Rita, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin kicin ɗina, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya.

A gwanjo na sayi marigayiya, murfinta da tsaguwa. Ta yi shekaru tana rubuta wasiƙun ƙungiya kafin babban aiki ya same ta. Shekara uku da suka wuce mun yi zaɓe da takarda a ɗakin cin abinci na masana'anta, kyamarar kamfani na kallonmu daga sama. Kafin wata ya mutu an rage wa mata bakwai awoyin aiki. Bayan haka ne Solange Doiron, injiniyar kwamfuta kuma 'yar ƙanwata, ta kafa mana zaɓe ta waya. Kowace ƙuri'a a kulle take shiga, ta maƙale da wadda ta gabace ta kamar sarƙa, a adana ta a kwamfutoci biyar, har da Rita. Ba mai iya cirewa, ba mai iya canzawa, ba kuma mai sanin abin da wani ya zaɓa. Makullin buɗe ƙidaya kuwa Rita kaɗai aka damƙa wa.

Mai riƙon amana ce. Ba ta taɓa kai gulmar kowa ofis ba. In ƙuri'a ta shigo sai ta ce "tin!", ba ta ƙara komai a kai.

Ciwo ya fara mata tun sanyin bara. Fankarta ta dinga nishi, ƙirrr, ƙirrr, batirinta ya kumbura har ta daina zama daidai a kan tebur. Solange ta ce mini, "Inna, ki bari mu kwafe makullin nan tun tana numfashi." Na ce, "Ke dai akwai ki da azarɓaɓi. Bari kakar ƙaguwa ta wuce." Wannan maganar ba zan daina jinta a kunnena ba.

Makon jiya muka jefa ƙuri'a a kan ko za mu tafi yajin aiki saboda iskar gas da ke yoyo a ɗakin sanyi, wadda ta kwantar da mutum biyu a asibiti. Mutum ɗari da arba'in da uku suka jefa. Ranar Talata, a gaban shaidu biyu, na danna ta don a buɗe ƙidaya. Ta yi haske, ta ce ƙirrr sau ɗaya, ta yi shiru. Ƙauri ya tashi.

Ta bar caja ɗaya, da jaka mai mataccen zif, da 'yan uwa kwamfutoci huɗu masu cikakkiyar lafiya waɗanda ba su da makulli. Ta kuma bar marayun ƙuri'u ɗari da arba'in da uku. Kowa na iya ganin tasa ta shiga, babu mai iya karanta ko ɗaya.

Dokar ƙungiya ta ce in zaɓen waya ya gagara, a taru a ɗaga hannu. Na roƙi shugabanmu Gérald Noël, wanda surukin manaja ne, ya ɗaga mana ƙafa na mako biyu mu sake kafawa. Ya ce, "Odile, dokar nan ke kika buga ta da hannunki. Mai gaskiya ai ba ya tsoron ɗaga hannu." Jiya kuma Luz Abrenica, wadda muke tsayawa layi ɗaya da ita wajen ɓare ƙaguwa, ta tare ni a wurin ajiye motoci. Ta ce, "Yaya Odile, takardar zamana a ƙasar nan da sunan kamfani take. 'Ya'yana uku a gida. In na ɗaga hannu, wa zai tsaya mini?"

Solange ta ciro ma'ajiyar bayanan marigayiya ta aika wa masu gyara a birni. Sun ce kada mu sa rai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a wurin karɓar tsofaffin kayan lantarki da ke bayan ofishin 'yan kwana-kwana. Daga nan a wuce gidana, akwai shayi da miyar kifi. Taron ɗaga hannu ƙarfe biyu ne a zauren coci, ni zan zauna a layin gaba. Ba za a ajiye littafin ta'aziyya ba. Duk wanda ya zo, ba za a rubuta sunansa ba.

Allah ya ji ƙanta.