Rasuwar Rediyona, Wanda Wuta Ta Bari Suruki Ya Ƙarasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda bai huce ba, kuma ba ni da niyyar ya huce, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar rediyona, wanda jikoki ke kira Mai Tari.

Marigayin ya girmi duk 'ya'yana a gidan nan. Bai taɓa yi mini ƙarya ba sai wadda aka sa masa a baki. Kullum da safe sai ya ce "shhh, ƙwarr" ya gyara murya. In ya yi nauyin baki in ɗan mare shi a gefe, ya ci gaba da labarai, ba fushi ba gunaguni.

Ga yadda abin ya faru. An manta dutsen guga a kan katifa da rana tsaka, wuta ta kama ɗakin tsakiya. Ta cinye labule, ta lashi silin, hayaƙi ya mai da bango kamar gindin tukunya. Maƙwabta suka kashe ta da bokitai, Allah ya saka musu. Wanda ya manta dutsen na yafe masa, mantuwa ce. Da na shiga na tarar da marigayin a bakin taga, baƙi ƙirin, mariƙinsa ya ɗan narke, yana ƙauri. Na murɗa shi, ya yi tari, ya kawo labarai. Jama'a ku shaida, wuta ba ta kashe shi ba.

Washegari mijin 'yata ya zo taya mu gyara. Na faɗa masa da bakina cewa baƙin hayaƙi busasshen tsumma ake sa masa, a buɗe tagogi iska ta yi sauran aikin. Ya ce ya ji. Na fita neman mai fenti. Kafin in dawo ya haɗa kwanuka da kofuna da marigayin a baho ɗaya, ya zuba garin sabulu, ya dirje shi da soso. Bai tsaya nan ba, ya jona shi a lantarki yana ɗigar ruwa, wai ya ga ko ya ji sauƙi. Marigayin ya ce "fat". Bai sake magana ba. Har yau yaron nan kare kansa yake, wai ai ya fita tas.

Ya rasu ya bar eriya a lanƙwashe, da batura marayu, da agogon bango abokin zamansa, da ni.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a gindin bishiyar tsakar gida. Ba a buƙatar wanka, an riga an yi. Surukin ne zai haƙa ramin, shi zai ɗauko gawar a cikin bahon nan nasa. Ɗakin ƙofar gida da na yi masa alkawari ya buɗe shago kuwa, na bai wa mai gyaran rediyo, mutumin da ya buɗe cikin marigayin ya cire hula.

Kada kowa ya kawo mini sabo, 'yata ta gwada na mayar mata. Daga jibi, kowace safiya surukin zai zo ya tsaya a bakin tagar nan ya karanto mini labarai daga wayarsa. In ya yi nauyin baki, na san gefen da ake mari.