Kunnen Mainassara Ba Ya Kuskure

Allah ya yi wa Magariya baiwa da yawa, amma babu kamar kunnen Mainassara. Sauran masu gyaran mota, bayin Allah, sai sun buɗe kapo, wato murfin inji, sun shiga ƙarƙashi, sun fito baƙi ƙirin. Shi kuwa tun da ya yi formasiyo, wato horo, ta kwana uku a Yamai, ya daina taɓa ƙarfe. Kujera yake ja kusa da mota, ya rufe ido, ya saurara. Shi ya raɗa wa kansa Likitan Motoci. 'Yan tasha kuwa Dogon Kunne suke cewa, in ya ba da baya.

Hannunsa Muttaƙa ya faɗa, direban wata tsohuwar mota mai jigilar Dungas. Motar ta kama rawar ɗari, tana tari, tana shan isansi, wato fetur, kamar an huda tankin. Mai motar ya gama magana: in ba ta ɗauki 'yan kasuwar Dungas jibi ba, makulli ya koma hannun wani. Muttaƙa kuwa bakuna bakwai ke ci daga wannan makulli.

Ranar farko Likita ya saurara, ya ce buji ne, wato fulogi. Aka sake buji, motar ta ci gaba da rawarta. Ya ce ai ya sani, gwada ta yake yi.

Rana ta biyu ya tara jama'a, ya rufe ido, ya buɗe lacca.

"Anjektar, jama'a, ita ce 'yar bututun da ke fesa wa inji mai. Huɗu ne a cikin wannan. Jahili sai ya kwance su duka. Ni daga nan nake jin wadda ta toshe."

Lacca ta yi tsawo, mota a kunne, isansi na ƙonewa. Muttaƙa ya ji abin har cikin ransa, ya lallaɓa ya kashe mota, ya zare makulli. Ana cikin haka Tabawa, mai niƙa a bayan katangar garajin, ta tayar da injinta.

Likita ya ɗaga yatsa, ido a rufe.

"Yawwa! Kun ji ta? Fat, fat, fat. Ta uku ce! Wallahi ta uku ce, ko a gaban ministir zan faɗa."

Kai! Dariya ta hana kowa magana. Muttaƙa dai bai yi ba, don shi kuka ma yake ji. Ya karkaɗa makullin a saitin kunnen nan mai albarka.

"Malam Mainassara, motar fa a kashe take. Injin niƙa ne."

Likita ya buɗe ido, ya gyara zama, ko kunya babu.

"Na sani mana. Ita nake taimaka wa. Tabawa! Anjektar injinki ta uku ta toshe!"

Tabawa ta leƙo ta kan katanga, gari har gira.

"Ta uku? Guda ɗaya tak gare shi, Malam. Ni nake wanke ta da kananzir duk Juma'a."

Muttaƙa bai ƙara minti ba. Ya ari sifana, ya kwance huɗun, ya zagaya bayan katanga wajen Tabawa. Ita ta jiƙa, shi ya goge, datti ya fita kamar gasara. Washegari motar ta tafi Dungas sumul, fasinja har kan rufi, makulli a hannun Muttaƙa.

Aka tambayi Tabawa ko wacce ce ta toshe. Ta ce uku ne suka toshe. Lafiyayyar guda ɗaya ce, ta uku.